Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yarinyar Gunduma ta Takwas

Makon jiya na tsaya a inda maigidana Alhaji ya hau jirgi ya koma Kano, ya bar ni ni kaɗai a birnin Ho Chi Minh, wanda mutanen garin har gobe Saigon suke ce masa. Aikin da ya bar min shi ne in jira kwantenonin ɗanyen kashu su iso tashar jiragen ruwa ta Cat Lai, in tsaya a kan awo, in raka kaya zuwa masana'antun fasa kashu da ke lardin Binh Phuoc. Na yi alkawarin yau zan ba ku labarin kwantenar farko. Ku yi min afuwa, sai mako mai zuwa. Akwai abin da ya faru kafin isowarta, kuma in na tsallake shi ban faɗa muku gaskiyar rayuwata ba.

Watan Yuni ne na 2013, damina ta kankama. A can ruwa kusan kullum da yamma yake sauka, kamar da bakin ƙwarya, masu babura su tsaya gefen titi su zura rigar leda su ci gaba da tafiya. Ina haya a Gunduma ta 8, a wani lungu da ke kan titin Duong Ba Trac, kusa da masallacin Jamiul Anwar. Musulmin unguwar 'yan ƙabilar Cham ne, maza da zani da farar hula, mata da mayafi. Lungun bai fi babur biyu su gifta juna ba. In ka fito bakin ruwa sai ka ga gidajen kwano a jere a kan turaku, ƙafafunsu cikin magudanar, ga gadar nan mai rassa uku kamar harafin Y da ke kai mutum cikin gari. Unguwar talakawa ce, kowa ya san haka.

Matar da nake haya a gidanta dattijuwa ce, 'yar asalin Chau Doc a lardin An Giang, can kusa da iyakar Kambodiya. Inna nake ce mata, ita kuma tana kirana da kalmar da suke kiran ɗa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu. Abin da ya haɗa mu sallama ce da bisimilla da alhamdulillahi, sauran kuma jikanta, wani saurayi mai gyaran waya, shi ke fassara mana da ɗan Turancinsa.

Wani daren Asabar ina ɗakina na sama ina lissafin kuɗin dako, sai ta ƙwala min kira. Na sauko na tarar falon ya cika, maƙwabta har bakin ƙofa, an zuba wa talabijin ido. Gasar waƙa ce ta yara a tashar VTV3, The Voice Kids, irin wadda alƙalai ke zama sun juya wa mai waƙa baya, sai muryar ta burge su su danna maɓalli kujera ta juyo. A shekarar aka fara yin ta a Biyetnam. Sai ga wata 'yar yarinya siririya, baƙa-baƙa, ta fito ta tsaya cak kamar an aike ta kanti. Jikan ya taɓo ni ya ce, "Yaya, 'yar gundumarmu ce. Shekararta goma."

Sunanta Phuong My Chi. A bakinsu kamar Fuwong Mi Ci yake fita.

Da ta buɗe baki falon ya yi tsit. Ban san kalma ko ɗaya ba, amma na san irin muryar. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi rawa ba. Muryar ce take lanƙwasa a ƙarshen kowane baiti, ta yi ƙasa ta ɗago, kamar yadda tsofaffin matanmu ke jan waƙa a kan dutsen niƙa. Na waiga na ga Inna ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na bin kuncinta. Na tambayi jikan me yarinyar ke cewa. Ya ce sunan waƙar Que em mua nuoc lu, wato garinmu a lokacin ambaliya. Kogi ya cika ya batse, ya ci gona ya ci gida, mutane sun rasa na kamawa. Ya ce a garin kakarsa kowace shekara daga wajen Agusta zuwa Nuwamba ruwan Mekong yake tasowa, shi ya sa suke gina gidaje a kan turaku, kuma a 2000 da 2011 ruwan ya wuce misali.

Ban iya ƙarasa kallon ba. Na koma sama na zauna a bakin katifa.

Waɗanda suka karanta kashi na huɗu sun san abin da ya fitar da ni daga ƙauyenmu na gefen kogin Haɗeja: ambaliyar 2012, wadda ta shafe mana shinkafa ana saura makonni a yanka. Abin da ban faɗa ba a wancan kashi shi ne maganar ƙanwata, autarmu. Allah ya ba yarinyar nan murya. Tun tana ƙarama in ana daka a gidanmu mata daga maƙwabta suke shigowa da turamensu don su ji ta. Bayan ruwa ya janye, gida babu ko tiya guda ta hatsi, sai wata mai kiɗan ƙwarya a garin ta zo wajen mahaifiyarmu ta ce a ba ta yarinyar ta riƙa yi mata amshi a gidajen biki, abin da aka samu a raba. Mahaifiyarmu ta yi shiru, alamar ta yarda. Ni ne babba, mahaifinmu ya rasu. Na dawo daga gona na tarar autar tana gwaji a tsakar gida, ta kife ƙwarya a kan ruwa tana bugawa. Na sa ƙafa na fasa ƙwaryar. Na ce muddin ina raye 'yar gidanmu ba za ta zama zabiya ba. Shekararta goma sha uku. Ba ta yi kuka ba, ta tsince ɓallin ƙwaryar ɗaya bayan ɗaya ta kai murhu.

To ga ni a wata duniya, tafiyar kusan kwana guda a jirgi, ina kallon 'yar talakawa tana yin abin da na hana tawa, manya suna kuka suna sa mata albarka.

Daga ranar duk Asabar ina falon. A bakin mutanen unguwa na tsinci labarinta, daga baya na tabbatar da shi a jaridunsu. An haife ta ranar 13 ga Janairu, 2003, a nan Gunduma ta 8. Gidansu ƙarami ne, dangi da yawa a ciki, sana'arsu sayar da che, wani abin sha mai kama da kunu da ake yi da wake da madarar kwakwa da sukari, a zuba ƙanƙara. Gwaggonta ce ta koya mata waƙoƙin gargajiya na kudancin ƙasar. A gasar ta shiga rukunin mawaƙiya Hien Thuc. Sauran yara suna ta waƙoƙin zamani, wasu ma da Turanci, ita kuwa tana fitowa da ao ba ba, rigar nan mai maɓallai da matan ƙauyen kudu ke sawa su shiga kwalekwale. Laƙabin da ya bi ta shi ne Chi Bay, wato Yaya ta Bakwai. Mutanen kudu da lamba suke kiran 'ya'ya a gida, kuma ɗan fari Na Biyu ake ce masa, ba Na Ɗaya ba. Wannan al'adar ta daɗe tana ba ni mamaki.

Wasan ƙarshe a Satumba aka yi, kuma masu kallo ne ke zaɓe ta saƙon waya. Inna ta miƙo min tsohuwar wayarta ta ce, ta bakin jikanta, "Ɗana, idanuna ba sa gani, tura mata." Na tura a tata, na tura a tawa. Ba ta ci ba. Wani yaro mai suna Quang Anh daga lardin Thanh Hoa na arewa shi ya zo na ɗaya, ita ta biyo baya. Inna ta kashe talabijin ta shiga ɗaki ba ta ce wa kowa sai da safe ba.

Bari in tsallaka gaba, tunda shekarun da na yi ina zirga-zirga tsakanin Kano da Saigon ban daina bibiyar yarinyar nan ba, ko da yake ban taɓa ganinta ido da ido ba.

Rashin kofin bai rage ta da komai ba. Gayyata ta yi ta zuwa daga ko'ina. Wani fitaccen mawaƙi mazaunin Amurka, Quang Le, ya ɗauke ta 'yar riƙo a harkar waƙa, suka yi shekaru tana ƙarƙashinsa. A nan ne surutu ya taso, kuma surutun nan na san shi tun daga gida. Jaridu suna ta muhawara: yarinya 'yar firamare tana kan dandamali da dare, yaushe za ta yi karatu? Nawa ake biyanta, wa ke riƙe kuɗin? Ya dace ƙaramar yarinya ta riƙa rera waƙoƙin baƙin ciki na manya? Ni dai ban raina masu tambayar ba. Yaron da muryarsa ke ciyar da gida talla yake yi, ko da farantin ba a kansa yake ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin 'yar talla ta yi barci a aji ya san akwai abin tsoro. Dalilin da ya sa na fasa ƙwarya ke nan, ko in ce rabin dalilin. Ɗaya rabin kunya ce, kada a nuna ni a majalisa a ce ga wan zabiya. Sai dai ita wannan yarinyar ba a raba ta da makaranta ba. Ta gama sakandare, ta shiga jami'a. Ashe ana iya tsare yaro ba tare da an toshe masa baki ba. Ni ban nemi wannan hanyar ba, ban ma tsaya na yi tunanin akwai ta ba.

Da ta zama budurwa sai aka ɗan daina jin ɗuriyarta kamar da. Haka abin yake ga yaran da suka yi suna da wuri: mutane 'yar shekara goma suke so, ba sa yafe mata girma. Matasan ƙasar kuma hankalinsu ya tafi ga irin su Son Tung M-TP da kiɗan Koriya. Na ɗauka shi ke nan.

A 2023 ta dawo, tana da shekara ashirin. Ta haɗa kai da DTAP, samari uku masu haɗa kiɗa, waɗanda su ne suka yi wa Hoang Thuy Linh waƙar See Tinh da ta karaɗe TikTok, har yaranmu na Kano sun yi rawarta ba su san daga inda ta fito ba. Suka fitar da kundi mai suna Vu tru co bay, waƙoƙi goma, an ɗauko su daga tatsuniyoyi da adabin da kowane ɗan Biyetnam ya karanta a makaranta. Kiɗan na zamani ne, mai sa matasa tsalle, amma da ta ja baiti sai ka ji lanƙwasar nan ta 2013 tana nan daram, ba ta sayar da ita ba. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk tarihinta. Da yawa in sun shiga birni abin da suke fara yarwa shi ne muryar gidansu. A 2025 ta je gasar Sing! Asia a China ta zo ta uku, a shekarar kuma ta lashe gasar Em xinh say hi a gida. Inna ba ta ga wannan ba, Allah ya yi mata rasuwa kafin nan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

In koma daren Satumbar 2013. Bayan Inna ta shige ɗaki na hau sama na kasa barci. Tsakaninmu da gida awa shida ne, sha ɗayan dare a Saigon biyar na yamma ne a Jigawa. Na sa kati na kira wayar maƙwabcinmu, na roƙe shi ya kai wa mahaifiyarmu. Muka gaisa, ta tambaye ni abinci, ta tambaye ni ko akwai masallaci kusa. Sai na ce, "Umma, auta fa, tana waƙa kuwa?"

Ta yi jim. Ta ce, "Tun ranar ban ƙara jin bakinta ba. Ko a daka."

Na ce a ba ta wayar. Na ji takun ƙafa, na ji kukan awaki, sannan muryarta ƙasa-ƙasa: "Yaya, ina wuni." Na ce lafiya lau. Na ce mata na yi kuskure, ta yafe min. Ban taɓa faɗa wa na ƙasa da ni wannan kalmar ba sai ranar. Ta ce, "Ba komai, Yaya." Na ce to ta yi min ko baiti ɗaya ne, wanda take yi in ana surfen gero, ina so in ji. Shiru ya yi tsawo har na duba fuskar wayar ko layin ya yanke.

Ta ce, "Na manta su, Yaya."

Katin ya ƙare muna a haka. Na zauna riƙe da wayar har aka kira asalatu a Jamiul Anwar. Da na dawo daga masallaci na tarar da saƙo daga wakilin jirgi: kwantenar farko ta sauka a Cat Lai, amma ana so in zo da kaina da wuri, domin da aka buɗe ƙofarta wari ne ya fara fitowa. Nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.