Rush: Vapor Trails a gaban Moving Pictures, da abin da ƙarar sauti ta cinye

Duk wanda zai auna aikin Rush, ƙungiyar kiɗan rock ta ƙasar Kanada, da Moving Pictures yake aunawa. Kundin ya fito a Fabrairun 1981, waƙoƙi 7 ne a cikin kusan minti 40. Shekara 21 bayan haka, a Mayun 2002, mutum ukun nan dai, wato Geddy Lee mai bes da rera waƙa, da Alex Lifeson mai jita, da Neil Peart mai ganguna da rubuta baituka, suka fitar da Vapor Trails, kundinsu na situdiyo na 17: waƙoƙi 13, kusan minti 67. Masoya da dama sun saurare shi sau biyu ko uku suka ajiye, suna cewa yana gajiyar da kunne. Gaskiya suka faɗa, amma a ganina ba a raba musu laifin waƙoƙin da laifin yadda aka sarrafa sautin ba, kuma sai an raba biyun kafin a yi wa kundin adalci.

A fara da tsohon. An ɗauki Moving Pictures a ƙarshen 1980 a Le Studio da ke Morin-Heights a lardin Kwebek, Terry Brown ne furodusa, Paul Northfield ne injiniyan sauti. A lokacin faifan garmaho ne kasuwa, kuma gefe ɗaya na faifai ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 20 zuwa 22 sai sauti ya fara raguwa. Wannan iyaka ta yi wa ƙungiyar alheri. Bayan dogayen ayyuka irin 2112 na 1976, wanda waƙa ɗaya ta cinye gefen faifai sukutum, da Hemispheres na 1978, sai suka koyi dunƙule gwanintarsu cikin minti huɗu zuwa shida. "Tom Sawyer" tana tafiya a ƙirgen 4/4 da kowa ya saba, sai a tsakiya kibod ya juya ta zuwa 7/8 ba tare da mai sauraro ya yi tuntuɓe ba. "YYZ" kuwa, wadda babu murya a cikinta, buɗewarta haruffan filin jirgin saman Toronto ne aka buga da siginar Morse, doguwa da gajera, har suka zama kari. Doguwar waƙa ɗaya ce tak a kundin, "The Camera Eye", mai kusan minti 11.

Abin da ya fi ƙirge muhimmanci shi ne sarari. Kayan kiɗa uku ne da kibod, kowanne da mazauninsa. Bes na ƙasa yana yawo da nasa layin, jita na tsakiya, kibod na shimfiɗe a baya kamar tabarma, ganguna kuma ana jin bugun sanda a kan fata kafin amon ya biyo. A saurari inda Lifeson ya kaɗaita da jita a "Limelight": sauran sun ja baya, amo ɗaya yana tsawaita yana lanƙwashewa, babu mai tsoma masa baki. Idan ƙungiyar ta dawo gaba ɗaya, kunne yana jin an ƙaru, domin da ma an rage.

Vapor Trails ya fito daga wani hali dabam. A Agustan 1997 'yar Peart, wadda ita kaɗai ce gare shi a lokacin, ta rasu a hatsarin mota, a Yunin 1998 matarsa ta bi ta sakamakon ciwon daji. Ya ajiye sandunan kiɗa, ya hau babur ya yi tafiyar kusan kilomita 88,000 a Arewacin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Sai a Janairun 2001 suka sake haɗuwa a Reaction Studios da ke Toronto, aikin kuma ya ɗauki kusan wata 14, abin da ba su taɓa yi ba. Wannan nauyin yana cikin baitukan. "Ghost Rider" labarin tafiyar ce kai tsaye, kuma Peart da aka sani da tatsuniyoyin kimiyya da falsafa bai taɓa buɗe cikinsa haka ba. Ta wannan fuska kundin ya fi Moving Pictures taɓa zuciya, ban da shakka a kai.

Sun yanke shawara biyu da suka canza komai. Ta farko, babu kibod ko kaɗan, karon farko tun Caress of Steel na 1975. Ta biyu, Lifeson ya kauce wa kaɗaitar jita irin ta da. To, gurbin da kibod ya bari dole a cike shi. Lifeson ya jera jita a kan jita, Lee ya riƙa kaɗa igiyoyin bes biyu ko uku a tare maimakon ɗaya, sannan ya ninka muryarsa sau da yawa tana yin aikin da kibod ke yi a da. Matsalar a nan ta lissafi ce. Jita mai kaushi, da saman amon bes, da muryar mutum, duk suna zaune ne a yanki ɗaya, tsakanin kusan hertz 200 zuwa 2,000 a ma'aunin kauri da sirantar sauti. Idan sautuka da yawa suka taru a yanki guda, mai ƙarfi yana rufe mai rauni, kunne kuma ya kasa tsince su. Injiniya nagari yakan sassaƙe wa kowanne wuri da ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara wani yankin sauti, ya tura wannan dama wancan hagu, amma idan an cika tukunya har baki, juyawa ma wahala take yi.

Ga kuma hanyar rubutun. Lee da Lifeson sukan zauna su yi ta kiɗa ba tsari, na'ura na ɗauka, daga baya su yanko guntayen da suka yi daɗi su harhaɗa a kwamfuta su zama waƙa. Wasu daga cikin waɗannan ɗaukar farko sun shiga kundin yadda suke, saboda zafin da ke cikinsu ba ya maimaituwa. Amfanin a fili yake, akwai rai a kiɗan. Illar ita ce abin da aka ɗauka don gwaji ba a cika kula da matakin ƙararsa ba.

Yanzu ga babbar ɓarnar. Faifan CD yana ajiye sauti da lambobi, sau 44,100 a daƙiƙa, kowanne da bit 16, kuma yana da rufi da ake kira sifili dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) wanda babu abin da ke wuce shi. Daga rufin zuwa shiru akwai kusan dB 96, fili mai yawa ƙwarai. Amma daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar wane faifai ya fi ƙara a rediyo da cikin mota. Tunda rufi ba ya ɗaguwa, hanya ɗaya ce: a danne ƙololuwar sauti da kwamfiresa da limita, na'urorin matse sauti, sannan a ɗaga sauran gaba ɗaya. Idan aka matsa fiye da kima, kan igiyar sautin yakan yanke ya zama shafaffe, kunne kuma ya ji shi kamar tsatsa ko ƙarar takarda ana yagawa. Ganga ce ke fara shan wahala, domin ƙarfinta yana cikin ɗan bugun farko ne mai gajeren lokaci, kuma shi limita ke fara cinyewa. "One Little Victory" tana buɗewa da Peart yana luguden babbar ganga da ƙafa biyu, sanarwa ce cewa ya dawo, amma da jita ta shigo sai gangunan su nutse, farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa su koma shuuu mara iyaka. Wurin da ya kamata waƙa ta lafa da wurin da ya kamata ta tashi duk sun zama tsayi ɗaya. Minti 67 a haka, dole kunne ya gaji.

Kada a ɗora wa dijital laifi. Moving Pictures kansa a na'urar dijital ta Sony aka sauke haɗinsa na ƙarshe, yana cikin na farko-farko da aka yi wa haka, kuma Northfield ɗin da ya ɗauke shi shi ne ya yi furodusan Vapor Trails tare da ƙungiyar. Kayan aiki ba su lalace ba, yadda aka murɗa su ne ya canza.

'Yan ƙungiyar ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba. A 2009 Richard Chycki ya sake haɗa "One Little Victory" da "Earthshine" don tarin Retrospective III, da aka ji bambancin sai kiraye-kiraye suka ƙaru, har a 2013 David Bottrill ya sake haɗa kundin dukansa daga asalin layukan da aka ɗauka, aka fitar da shi da sunan Vapor Trails Remixed. A lura, sake haɗawa aka yi, ba sake mastarin kaɗai ba. Mastarin gyara ne a kan abin da aka riga aka dama, ba ya iya raba jita da murya. Sake haɗawa kuwa komawa ne ga kowane layi shi kaɗai.

Mai son ya gwada da kunnensa, ga yadda ake yi ba tare da yaudarar kai ba. A samo waƙa ɗaya a siga biyu, ta 2002 da ta 2013, daga CD ko fayil mara matsi irin FLAC, domin MP3 kan ƙara nasa yankewar ya rikita sakamako. A buɗe su a Audacity, manhaja ce ta kyauta, ɗaya a saman ɗaya. Tun kafin a kunna ido zai gani: ta 2002 kamar bulo take, cike daga sama har ƙasa, ta 2013 kuma tana da 'yan tuddai da kwaruruka. Sai a daidaita ƙararsu da kayan daidaita ƙara na manhajar, a sa duka a LUFS -14 (LUFS ma'aunin ƙarar da kunne ke ji ne), matakin da manhajar sauraron kiɗa ta Spotify ke amfani da shi. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙi, saboda kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi ko da bambancin dB ɗaya ne. A saurari daƙiƙa 20 a nan, 20 a can, da abin kunne mai kyau, ba lasifikar waya ba. A sa hankali a abu ɗaya kowane zagaye: ƙaramar ganga, sannan bes, sannan numfashin mai waƙa. Daga nan a ɗora "Tom Sawyer" a layi na uku a matakin ƙara ɗaya. Za a ji gangar 1981 ta fi ta 2002 ƙarfin bugu, alhali ita ce ake ganin ta fi sanyi.

Da sigar 2013 a kunne, hukuncina shi ne "Earthshine", "Secret Touch" da "Ghost Rider" za su iya zama kusa da tsofaffin ayyukan ba kunya. "How It Is" ta sami iskar da take bukata. "Freeze" ma abin a kula ce, domin ita ce kashi na huɗu na jerin waƙoƙinsu kan tsoro mai suna "Fear", wanda kashi na ukunsa, "Witch Hunt", yana cikin Moving Pictures, kuma a "Freeze" ne karyayyen ƙirgen da aka san Rush da shi ya fi fitowa. A jera su biyun a saurara: ta 1981 tana gina tsoro a hankali da kibod da shiru, ta 2002 tana afkowa tun daga farko.

Abin da Bottrill bai iya gyarawa ba shi ne tsarin kundin. Waƙoƙin kusan duk tsawonsu ɗaya, tsakanin minti huɗu da shida da 'yan kai, launin jitar kusan ɗaya, babu waƙar kiɗa zalla da za ta raba tsakiya kamar yadda "YYZ" ta yi. Da iyakar faifan garmaho ta hau kansu, da sun zubar da waƙoƙi huɗu ko biyar, kuma da kundin ya fi haka ƙarfi. Ana iya yin wannan yankan da kai: "One Little Victory", "Ceiling Unlimited", "Ghost Rider" da "How It Is" a gefen farko, a ɗan huta, sannan "Secret Touch", "Earthshine", "Vapor Trail" da "Freeze". Ya kama kusan minti 45, ɗan sama kaɗan da tsawon Moving Pictures.