Rayuwata da Zanen Barkwanci, Kashi na 6: Shekarar da Katsina ta Zama Jiha

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya inda editan wata mujallar raha da ke Kano ya karɓi zanena, ya ce in riƙa aiko masa duk mako daga Katsina. Da dama daga cikinku sun tambayi yadda aikin yake gudana a zamanin da babu kwamfuta, to bari in fara da shi.

Rabin aikin a waje nake yin sa. Da hantsi nakan zauna a bencin mai shayi, ko in bi ta Ƙofar Soro in gangara wajen 'yan kasuwa, in yi shiru ina saurare. Abin da na ji bakuna daban-daban suna maimaitawa, tsadar kananzir ce ko jinkirin albashi, shi zan ɗauko. Bayan la'asar sai in zauna da fensir. In siffa ta zauna, in bi ta da alƙalami mai bakin ƙarfe da baƙar tawada, in jira ta bushe, sannan in goge fensirin. Nakan yi zanen ya fi girman da zai fito a shafi, domin a maɗaba'a sai sun ɗauke shi a fim sun rage shi kafin a ɗora a farantin da injin ɗab'i ke bugawa da shi, kuma duk layin da ya cika siriri ɓacewa yake yi a takardar jarida. Farantin bai san ruwan toka ba, ko baƙi ko fari, saboda haka da ƙananan layuka ake yin inuwa, ɗaya kusa da ɗaya, har wuyan hannu ya yi tsami. Maganar bakin mutanen kuwa da hannuna nake rubutawa, don tafiretocin lokacin yawanci ba su da ƙ da ɗ da ɓ.

Da hunturu tawada kan bushe a bakin alƙalami kafin in kai shi takarda. Da bazara kuwa, zafin Katsina ba sai an faɗa ba, dole in shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin hannu don kada gumi ya ɓata aikin yini guda. In na gama sai in sa zanen tsakanin kwali biyu, in kai tasha, in damƙa wa direban da zai bi ta Kankiya da Bichi, in haɗa masa da na goro. Biya kuma sai wanda aka buga. Wanda edita ya ajiye, ya tafi ke nan da tawadarsa da takardarsa. Kuɗin ba ya riƙe gida, shi ya sa nake haɗawa da rubutun allon shaguna da na jikin manyan motoci. Ga shi tun da gwamnati ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan zane da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo.

Akwai kuma tsoro. Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, gwamnatin Babangida ta soke ta a 1985. Amma a Oktoban 1986 aka kashe Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa, a 1987 kuma aka rufe mujallarsa ta Newswatch na wasu watanni. Editanmu kan ce mini, "Malam, ka zana kowa, amma ban da mai kaki."

Ana cikin haka, ranar 23 ga Satumba 1987, aka yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, aka turo Abdullahi Sarki Mukhtar ya zama gwamnan soja na farko. Murnar da aka yi a garin nan, da ni aka yi ta. Ba a jima ba ma'aikata 'yan asalin jihar suka fara kwararowa daga Kaduna, motoci maƙare da katifu da kujeru, ga gidajen haya ba su kai ba. Masu gidaje suka ga kasuwa ta buɗe. A unguwarmu akwai wani malamin firamare da ya shekara da shekaru a gida ɗaya, a idona aka fito masa da kaya, matarsa da goyo tana tattara kwanuka a bakin titi. Na kasa barci a daren nan.

Washegari na zana mai gida cikin babbar riga a bakin ƙofa. Hannunsa na dama yana ɗaga ƙyalle mai rubutun "Barka da samun jiha", na hagu yana tura tsohon ɗan haya waje da butarsa da tabarmarsa. A ƙasa na rubuta, "Yi haƙuri Malam, ci gaba ne ya zo." Da mujallar ta iso gari, sai na riƙa ganin shafin a manne a shagunan teloli da na masu aski.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ƙanena ya ce Baba na kira a zaure. Na tarar da shi da amininsa, wani Alhaji mai gidajen haya a unguwar. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya zaro mujallar daga aljihu ya shimfiɗa ta a kan tabarma.

"Ɗan nan, ina zaune a zauren nan ranar sunanka. Yau ni ka mayar abin dariyar gari?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Duba fuskar da kyau, ba taka ba ce, ba ta kowa ba ce a unguwar nan."

"Hular fa?"

"Baba, rabin Katsina irin ta suke sawa."

Gaskiya na faɗa masa. Mai zane a Legas zai iya zana mutum har ya mutu ba su haɗu ba. Ni kuwa a sahu ɗaya nake salla da waɗanda nake magana a kansu, tare muke zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Don haka tun farko na ɗaukar wa kaina cewa ba na aron fuskar ɗan gari, ba na taɓa nakasar mutum ko iyalinsa, aikinsa kaɗai nake zanawa. Kuma a nan gida na koyi hakan. Daga goma ga azumi yara kan manna gemun auduga su yi tashe, su kwaikwayi halayen manya ƙofa-ƙofa, a yi dariya har a ba su hatsi. 'Yan kama kan kwaikwayi malamai a tsakiyar kasuwa. A wasan gauta ma sarki da hakimansa ake kwaikwayo. Ko tsokanar da ke tsakaninmu da Haɗejawa tana da iyakar da kowa ya sani. Bahaushe ya daɗe yana faɗa wa babba gaskiya cikin raha, ni takarda kawai na ƙara.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Alhaji, yaron nan bai kira suna ba. Amma malamin da aka fitar, a gidan wa yake?"

Zauren ya yi tsit. Alhaji ya ce ba shi ya kawo tsada ba, siminti ya tashi, kwano ya tashi, shi ma iyali gare shi. Wannan kam bai yi ƙarya ba. Amma har yau ina ganin gidan da aka gina tun kafin tsadar bai kamata a kori mai alli daga cikinsa ba. Ya naɗe mujallarsa ya fita. Kuɗin haya bai sauka ba, malamin ya koma can bayan gari, Alhaji kuma bai ƙara amsa gaisuwata da sakin fuska ba sai bayan ƙaramar salla.

Da ya fita, Baba ya dube ni ya ce, "Abin da ka zana haka yake. Sai dai ka sani, duk abin da ka aika Kano, a zauren nan zai dawo ya same ni."

Ba a yi nisa ba direban ya dawo mini da takarda daga edita. Ya ce fitowar ta ƙare a kasuwa, saboda haka yana son zanen bangon mujalla na gaba ya zama na sabon gwamnan soja. Yadda na kwana da wannan takarda, da amsar da na mayar masa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.