Yadda Na Sha Fama Kafin Inshora Ta Biya Madarar 'Yata

'Yata tana da sati bakwai na fara ganin jini a kashinta, siriri kamar zare, gauraye da majina. Kafin nan dama ba ma barci. Ta sha nono ta yi ta banƙarewa tana kuka, tumbuɗi ba ya ƙarewa, kumatu duk ƙuraje. Na kira Hajiya a Kano ina hawaye. Ta ce, "Ke dai 'yar nan, ciwon ciki ne irin na jarirai, in ta yi wata uku zai wuce." Da na ambaci jinin sai ta yi shiru, can ta ce in kai ta asibiti a ranar.

A Houston muke zaune, jihar Texas, inshorar lafiyarmu kuma ta wurin aikin maigidana ce. Likitar yara ta ce jikin yarinyar ba ya karɓar furotin ɗin da ke cikin madarar shanu, kuma ta nonona yake isa gare ta. Na bar madara, na bar cuku da yogot, daga baya har da waken soya. Na rame, nonon ma ya ja baya. Aka gwada mata madarar soya, jini ya dawo. Aka koma Nutramigen, wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana, ta ɗan samu sauƙi amma jinin bai tsaya ba. Sai likitan ciki ya rubuta mana wadda ake haɗawa da amino asid zalla, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, irin su Neocate da EleCare. Cikin kwana goma yarinya ta zama wata daban. Ranar da ta yi barcin awa biyar a jere, sau uku ina tashi in duba ko tana numfashi.

Hajiya ta ba da shawarar nonon akuya, wata maƙwabciya kuma ta kawo min madarar da aka cire wa laktos. Duk biyun ba su da amfani a wannan lalura. Laktos sukari ne, ita kuwa furotin ke damunta, furotin ɗin akuya kuma ɗan'uwan na saniya ne.

Sai maganar kuɗi. Gwangwani mai giram 400 muna saya wajen dala 45, ba ya kuma wuce kwana uku da ɗoriya. A wata guda gwangwani tara, dala 400 ke nan da 'yan kai, ga haya, ga masu jiran saƙo a gida. Shirin WIC na gwamnati yana ba da irin wannan madara idan likita ya cike takarda, amma albashin maigida ya ɗan haura iyakar da suka sa. Gaba kura, baya sayaki.

Kuskurena na farko, takardar likita na ɗauka na nufi kantin magani. Suka danna kwamfuta suka ce inshora ta ƙi, wai wannan abinci ne ba magani ba. Na dawo gida na haƙura har sati biyu, ina zaton magana ta ƙare. Ashe ƙofar ce ba ita ba. Wata nas a ofishin likitan ciki ce ta ja ni gefe ta ce yawancin kamfanoni ba ta ɓangaren magunguna suke biyan wannan madara ba, ta ɓangaren kayan jinya na gida ne, wanda suke kira DME, wato masu kawo keken guragu da tukunyar iskar shaƙa. Wa zai kawo wa ransa cewa a nan madarar jariri take?

Muka aika ta can, aka nemi amincewar kamfanin inshora tun kafin a kawo kaya. Suka sake ƙi. Wannan karon dai a rubuce ne, kuma wasiƙar ta fi min amfani fiye da duk wayar da na buga, domin ta faɗi dalili: wai ba a nuna cewa lalura ce ta tilasta ba, kuma yarinyar da baki take sha, ba ta bututu ba.

A nan maigida ya gano abin da ya juya lamarin. Texas tana da doka da ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan madarar amino asid a wasu cututtuka, ko ta wace hanya yaro yake sha, in dai likita ya rubuta cewa dole ce. Sai dai tana da sarƙaƙiya biyu. Ta farko, ba kowace inshora ta shafa ba. Manyan ma'aikatu da yawa da kuɗinsu suke biya wa ma'aikata jinya, kamfanin inshora dillali ne kawai, irin waɗannan kuma dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ce ke kansu, ta jiha ba ta hawa kansu. A Texas, idan ka ga an rubuta TDI ko DOI a katinka, to jiha na da iko a kai. Muka zazzage jaka muka ciro kati. Ga haruffan nan uku a ƙasa, ƙanana, shekara biyu ina yawo da su ban taɓa lura ba.

Ta biyu ita ce lafazin dokar. Ba ta ce madarar shanu kaɗai ba, cewa ta yi rashin karɓar furotin na abinci fiye da ɗaya. Takardarmu ta farko kuwa madara kawai ta ambata, an manta da soya, alhali yarinya ta zubar da jini a kanta. Na koma wurin likita da ɗan littafin da nake rubuta komai: ranar da aka fara kowace madara, ranar da jini ya fito, nauyinta a kowane awo, har hotunan famfas, Allah Ya yafe min ƙazanta. Ya sake wasiƙa, ya jero duk abin da aka gwada bai yi ba, ya ambaci dokar, ya sa lambar kayan, B4161. Su ba gwangwani suke ƙirgawa ba, kalori 100 ne awo ɗaya a wurinsu. 'Yata tana shan kalori wajen 560 a rana, awo 168 ke nan a wata. In likita ya rubuta ƙasa da haka, ƙasa da haka za a kawo maki, yaro kuma girma yake yi, sai a riƙa gyara lissafin.

Doka ta ba mutum kwana 180 ya ɗaukaka ƙara daga ranar da aka ƙi shi, su kuma kwana 30 ne gare su su amsa idan ba a riga an karɓi kayan ba. In sun sake ƙi, akwai masu bita na waje da hukuncinsu ya zama dole a kan kamfanin. Mu ba mu kai can ba. Na dai riƙa kira duk bayan kwana uku, ina rubuta sunan wanda ya ɗauka da lambar kiran, don sau biyu suna cewa fakis bai iso ba.

A rana ta 24 aka amince, na wata shida. Ba kyauta ba ce, sai da muka cike kuɗin da ake fara biya daga aljihu a shekara, sannan muke biyan kashi 20 cikin ɗari. Kuɗin gwangwanayen da muka saya a baya kuwa rabi aka dawo mana, saboda sauran rasit na zubar.

Kwali na farko ya iso ranar Laraba da la'asar. Na ɗauki hoto na tura wa Hajiya, ta ce, "Duk wannan rigimar a kan madara?" Daga nan na ɗauko kalanda na zagaye wata na biyar da jan biro, lokacin da zan fara neman a sabunta.