Alhamis, azumi na 14, shekarar 2020

Yau ranar sassauta dokar kulle ce, daga ƙarfe 10 zuwa 4. Baban Hanifa ya sa takunkumi ya fita, ya dawo da fulawa da sukari da kiret ɗin ƙwai yana mitar tsada. Tun 16 ga Afrilu da aka kulle Kano saboda korona ban leƙa ko ƙofar gida ba.

Auta ce ta tsaya min a rai. Tunda aka rufe makarantu a Maris take wurinmu. Da sahur shayi kawai take kurɓa, in an sha ruwa dabino biyu, ta ce ta ƙoshi. Da yake azumi ne, wa zai lura? Kowa ba ya ci da rana. To jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji motsi a kicin, can kuma na ji famfon banɗaki yana ta zuba an ƙi kashewa. Da asuba na tarar da kular ƙosai wayam, robar cincin ɗin Hanifa ta koma rabi.

Sai da muka zauna surfa wake bayan azahar na ce, "Auta, me ke damunki ne?" Ba ta ɗago ba, hannunta cikin ruwa tana ta murza. Ta ce, "Yaya, wallahi ba yunwa ba ce. In na kwanta na ɗauki waya, wane ya rasu, wance ta rasu, ga Sarkin Rano ma ran Asabar. Sai ƙirjina ya cushe. In ina tauna wani abu sai ya lafa. Ina gamawa sai in tsani kaina." Na ce, famfon fa? Ta yi shiru, sannan ta nuna min yatsunta biyu. Jikina ya yi sanyi.

Na kira Anti Nas, na fita bayan tanki don kada yara su ji. Ta ce cuta ce sananniya, bulimiya ake ce mata, a ci da yawa a ɓoye sannan a ƙaƙaro amai. Fargaba in ta daɗe jiki yana ta sakin sinadarin kotisol, shi ke sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga zaman wuri ɗaya, ba aji ba ƙawaye. Abin da ya fi tayar min da hankali, ta ce yawan aman yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice, yana kuma cin haƙora, balle mai azumi a wannan zafin. Ta ja min kunne: ban da faɗa, ban da kulle kicin, ban da zancen ƙiba ko rama.

Wannan na ƙarshen ne aiki. Shekaranjiya a bidiyo Hajiya ta ce, "Auta, kullen nan ya karɓe ki, kumatu sun fito tubarkalla." Yabo ne a wurinta. Ta yaya zan ce wa Hajiya ta daina yabon 'yarta?

Na ce da Auta gobe tare za mu ci sahur a faranti ɗaya. Ta ce to. Irin "to" ɗin nan nata.

Ƙosan yau ya sha mai. Hanifa ta kai azuminta har la'asar, tana ta alfahari. Gas ya kusa ƙarewa, sai Litinin kuma.