Ƙarfinsa lau, amma ya kasa tsayuwa

Ranar kasuwa ce, cikin damina, da hantsi aka shigo da shi ƙaramin asibitinmu da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim. Dattijo ne manomi, zai yi shekara sittin da 'yan kai. Ɗansa ya ɗauko shi a babur, ƙaninsa ya zauna a baya yana riƙe da shi. Tun asuba, in ji su, yake fama da jiri da amai da ciwon ƙeya. Na auna jininsa na samu 190 bisa 110. Nan take zuciyata ta tafi ga shanyewar ɓarin jiki, sai na fara duba shi yana kwance.

"Baba, matse min yatsun nan iya ƙarfinka." Ya matse har na ji a ƙashi, hannun mai fartanya ne. Na sa ya ture ni, ya jawo ni, ya ɗaga ƙafa ina dannawa, dama sannan hagu. A ma'aunin da muke amfani da shi, daga 0 zuwa 5, sifili na nufin tsoka ba ta ko motsi, 3 kuwa mutum yana iya ɗaga gaɓa amma da an danna ta sai ta sauka. Baba 5 na rubuta masa ko'ina. Na lanƙwasa gwiwarsa da gwiwar hannunsa, babu tauri. Bakinsa bai karkace ba. Da mukullin babur ɗin ɗansa na ja layi a tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa sama, babban yatsa ya lanƙwashe ƙasa yadda ake so, bai miƙe sama ba. Sai hankalina ya kwanta. Na ce a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ba shi maganin amai, na koma kan layin mata da yara da ke jirana.

A nan na yi kuskure, kuma har yau abin yana damuna. Ban tashe shi zaune ba, balle in sa shi ya taka.

Da aka kira azahar ya ce zai yi alwala. Yana miƙewa sai ya tafi luu ɓangaren hagu, da ƙyar ɗan ya tare shi. "Malama, ƙasar ce ke janye ni," in ji shi, kuma a lokacin na lura maganarsa tana ɗan sarƙewa.

Na zaunar da shi, na tsaya a gabansa na ɗaga yatsana. "Baba, taɓa hancinka, sannan ka taɓa yatsana." Hannun dama ya je ya dawo sumul. Na hagu kuwa, yana doso yatsana sai ya kama karkarwa, ya wuce ta gefe, ya dawo yana lalube. Na ce ya riƙa kifa tafin hannu yana birkitawa a kan cinya da sauri, na hagun ya rikice tun a juyi na uku. Da ya kwanta, na sa ya ɗora dunduniyar hagu a kan gwiwar dama ya zuro ta bisa ƙwauri. Sai zamewa take yi tana kai-kawo. Ya bi yatsana da ido, ƙwayar idon tana fizga in ya kalli gefe.

Wannan duk aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, wadda ke can ƙeya ƙarƙashin babbar. Ba ita ke ba tsoka ƙarfi ba, ita ke saita motsi, ta auna nisa da sauri da daidaiton tsayuwa. Shi ya sa mutum zai matse miki hannu tamau alhali tana cikin matsala. Kuma ciwonta a ɓangaren da ya taɓu yake bayyana, hagu da hagu, saɓanin babbar ƙwaƙwalwa inda ciwon dama ke shanye hagu. An koya mana duk wannan a makaranta. Sai ranar nan ya zauna min.

Akwai gwajin da ke ɗauke da sunan Romberg, likitan nan Bajamushe, inda mutum ke haɗe ƙafafu ya rufe ido. Da yawanmu mun ɗauka na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne. A'a. Wanda ya tsaya daram ido buɗe, sai da ya rufe ya fara tangaɗi, a nemi matsalarsa a jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, kamar yadda ake gani ga masu ciwon sukari da ya daɗe, ko kuma a cikin kunne. Baba ko da ido buɗe bai iya haɗe ƙafa ba.

Na kira ɗan gefe na gaya masa gaskiya: wurin da ƙaramar ƙwaƙwalwa take matsattse ne, in ya kumbura yana iya danne cibiyar numfashi, kuma mutumin da ke hira yanzu zai iya fita hayyacinsa kafin gobe. Na hana a ba shi ko ruwa ta baki don gudun shaƙewa. Na rubuta abin da na gani dalla-dalla, da ɓangaren da lokacin, aka nemo mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hanyar jini ta toshe a ɓangaren hagu na ƙaramar ƙwaƙwalwar.

Tun daga ranar, duk mai jiri da amai, musamman dattijo mai hawan jini, ba na rufe katinsa sai na ga zamansa da tafiyarsa, ina tsaye a gefensa, ɗan'uwansa a ɗaya gefen. Mai farfaɗiya ma da ya zo yana tangaɗi nakan ce a kawo min kwalin maganinsa, domin fenitoyin in ya yi yawa a jiki yana kawo irin waɗannan alamu, sai dai shi duka ɓangarorin biyu yake kamawa.

Bayan girbi Baba ya dawo awon jini, yana dogara sanda, yana ware ƙafa in zai taka. Kafin in ce komai ya jingine sandar, ya ɗaga hannun hagu ya kai hancinsa. Ya ɗan kauce, sannan ya samu.