Abin da ɗakin hoto ya koya mini game da toshewar hanji

Takardar da ake aiko mana daga sashen gaggawa galibi layi ɗaya ce: ciwon ciki, amai, kumburi, a ɗauki hoto a tsaye da kwance. A makaranta an haddatar da mu lambobi uku, 3 da 6 da 9. Ƙaramin hanji idan faɗinsa ya haura santimita 3 ya kumbura, babban hanji sai ya haura 6, mafarin babban hanjin da ke can ƙasa ta dama kuwa sai ya haura 9. An kuma nuna mana yadda ake bambanta su: ƙaramin yana tsakiyar ciki, ninke-ninkensa suna ratsawa daga bango zuwa bango, babban yana kewaye ta gefe, nasa ninkin ba ya kaiwa ɗaya ɓangaren. Duk wannan gaskiya ne, kuma cikin mako guda ɗalibi zai iya shi.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne gane cewa eksire iska yake gani, ba hanjin kansa ba. Idan majinyaci ya miƙe, iska ta hau sama, ruwa ya kwanta ƙasa, sai layuka su fito a jere hawa-hawa, ko ɗan koyo ya ce an samu toshewa. To amma ruwa yana ƙaruwa, iskar tana raguwa. Akwai lokacin da abin da zai saura 'yan ƙananan kumfa ne da suka maƙale a ninkin hanji, a jere kamar 'ya'yan carbi. Gaba kaɗan, babu ko kumfar. Hanji ya cika taf da ruwa, fim ya fito fes, wanda bai ga majinyacin ba sai ya rubuta cewa babu wani abin damuwa. Irin wannan fim na fi tsoro, musamman idan hanjin ya shaƙe ta kai biyu, babu shiga babu fita, domin a nan ne jini ke saurin yankewa. Tun da na fahimci haka, idan fim ya yi kyau amma mutumin da ke kan gadon yana murƙususu, maganar mutumin nake ɗauka.

Littattafanmu, waɗanda yawanci a Turai da Amurka aka rubuta su, sun ce babban abin da ke toshe ƙaramin hanji shi ne mannewar da ke biyo bayan tsohuwar tiyata. A wurinsu haka ne. Mu a nan ƙaba tana nan daram, irin wadda mutum ya yi shekaru yana mayar da ita da hannu yana ci gaba da noma, sai ranar da ta ƙi komawa. Kuma ba kowa ke faɗa ba. An taɓa kawo wani dattijo, ɗansa na tsaye a kansa, takarda ba ta ce komai ba sai amai. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da bayan gida?" Ya ce kwana uku. "Iska fa, tana fita?" Ya girgiza kai. Na roƙi ɗan ya jira a waje saboda hasken eksire, wanda dama ƙa'ida ce, sannan na rage murya: "Baba, akwai wani kumburi a ƙasa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ya daɗe, amma jiya ya ƙi shiga." Da na sauko da fim ɗin har ƙashin mara, ga iskar hanji can a inda hanji ba shi da hurumin zuwa. Shi ya sa hoton cikin da ya yanke matsematsi ban ɗauke shi cikakke ba. Tsofaffin mata ma suna da tasu ƙabar, 'yar ƙarama a saman cinya, wadda ko mai ita ba lalle ta lura ba. Tabon tiyata kuwa yanzu ina nemansa da idona, domin masu tiyatar haihuwa da ta afendis suna dawowa da mannewar da littafin ya faɗa.

Hoton ƙirji shi ma na ciki ne, ko da masu jinya suna ƙorafin kuɗin fim na biyu. Taifot idan ta kai mako na biyu zuwa na uku takan huda ƙarshen ƙaramin hanji, yara da matasa ta fi kamawa, sai ciki ya kumbura ya yi tsit kamar toshewa alhali ɓulewa ce. Iskar da ta tsere takan taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta fi fitowa a dama, saman hanta. Sai dai tana bukatar lokaci ta hau. A zaunar da majinyaci minti 5 zuwa 10 kafin a danna. Wanda ba ya iya zama a kwantar da shi kan gefen hagu. Layi na jira a waje, ana buga ƙofa, amma mintocin nan ba na cinikinsu. Kuma rashin ganin iskar bai wanke majinyaci ba.

Jarirai sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sauti ba da eksire ba, ya fi musu. Ɗan wata shida mai kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, ga majina da jini a kashi: hanji ne ya zurma cikin ɗan'uwansa, sikanin zai nuna zobe cikin zobe ba tare da an haska yaron ba.

Na'urar siti (CT), mai ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta kan majinyaci a Landan a 1971, ita ce ke amsa tambayoyin da likitan tiyata ya fi damuwa da su. Ana bin hanjin da ya kumbura yanki-yanki har inda ya tsuke, a ga ko ƙari ne, ko ƙaba, ko murɗewa. Idan ba a ga komai a wurin ba, mannewa ake zargi, don ita kanta ba ta cika fitowa ba. Bayan allurar ruwan hoto, wanda ke sa inda jini ke kaiwa ya fito fili, bangon hanji mai rai yakan yi haske, wanda jini ya yanke masa ya ƙi. Iska a cikin bangon, ko a jijiyoyin hanta, mummunan labari ne. Amma ruwan nan yana bi ta ƙoda, mai amai na kwana uku kuwa a bushe yake, don haka ƙarin ruwa da gwajin ƙoda su fara. Ra'ayina, wanda ba kowa ke so ba: mutumin da cikinsa ya sandare, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya na gudu, bai kamata a ɗora shi a mota zuwa wani gari neman siti ba, ko a bar shi kwance danginsa na haɗa kuɗi. Hoton zai tabbatar da abin da hannun likita ya riga ya ji, hanjin kuma ba zai jira ba.

Wanda ba ya cikin wannan hali, musamman mai tsohon tabo, akan sa masa robar hanci a zuƙe cikin, a ɗaura ruwa, a ba shi Gastrografin, wani ruwa da ke bin hanji yana fitowa a hoto, kamar mililita 100, sannan a bi shi da hoto. Idan Gastrografin ɗin ya isa babban hanji cikin awa 24, galibi toshewar za ta warware ba wuƙa. Idan ya tsaya, tiyata ta matso. Bariyom, wani ruwan hoton na daban, ba ya shiga wannan lissafi matuƙar ana zargin ɓulewa, domin idan ya zuba a cikin ciki ɓarnarsa ta fi cutar. Gwajin gaba ɗaya a kan agogo yake tafiya, shi ya sa nake rubuta lokacin da aka ba da ruwan da lokacin kowane fim a jikin ambulan, saboda wanda zai karɓi aikin dare.