Sandar da muka kai daga Aboabo zuwa Nima

Bayan sallar asuba muka tashi daga Aboabo, a Kumasi, da sanda guda wadda muka yi alkawarin kai ta unguwar Nima da ke Akra da gudu, kusan kilomita 250 a kan babban titin Akra. Kuɗin sabunta katin inshorar lafiya muke nema wa 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia, waɗanda ake kira kayayei, domin yawancinsu daga Arewacin Ghana suka zo, kuma idan zazzaɓi ya kwantar da ɗayarsu sai ta raɓe a rumfa tana jiran ikon Allah.

Samarin zangon kowane gari ne ke karɓar sandar su miƙa wa na gaba. Ejisu da Konongo sun wuce lafiya. Ni rabona ya faɗo gab da Nkawkaw, a gindin duwatsun Kwahu, kuma a nan kuskurenmu ya fito fili. A takarda muka raba hanyar, kowa da kilomitocinsa daidai wa daida, ba mu lissafa zafin rana ba, balle manyan motocin da ke tilasta wa mutum sauka gefen kwalta. Mun ce za mu iso da la'asar, sai bayan magariba na shiga gari ƙafafuna suna rawa. Na ɗauka masu jira sun watse, ashe wata dattijuwa mai sayar da abinci ce ta zaunar da su. Ta miƙo mini ruwa ta ce, "Ɗana, ba a gudu a titin nan da dare." Na ce, "To, Hajiya." Sandar ta kwana a masallaci.

Daga nan muka koma raba hanya da lokaci, kowa rabin awa, mota tana biye da mu da ruwa, har Anyinam, Suhum da Nsawam. A rana ta uku muka isa Nima. Duk abin da aka ba mu, ko sidi ɗaya ne, a gaban mai bayarwa muke rubuta shi, kuma ina ganin wannan ya fi gudun kansa buɗe hannun jama'a.

Da muka koma Kejetia muna danna *929# a waya domin sabuntawa, sai muka tarar da yawa daga cikin 'yan matan ba su taɓa mallakar katin ba. Su ne har yanzu muke rakawa ofishin rajista, biyar-biyar, da sassafe kafin kasuwa ta cika.